Tambaya da Amsa: Farin jirgin da Kaka ya gani a Jidda

Tambaya

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ni jikar wani bafataken goro ce, a Sabon Zango aka haife ni, nan Accra. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata adaka ta ƙarfe, a jikinta akwai tsohuwar takarda da aka manna. Rubutun ya kusa gogewa, amma ana iya karanta Elder Dempster da kuma Aureol. Kakarmu ta ce sunan jirgin ruwan da yakan shiga zuwa Ikko ke nan. Abin da ya sa na rubuto shi ne, har ya bar duniya yana cewa da ya je aikin Hajji a 1977 ya ga wannan jirgi da idonsa, yana tsaye a bakin tekun Jidda. Baffannina sun ce ruɗin tsufa ne, me zai kai jirgin Turawan Ingila mai zuwa Tema can ƙasa mai tsarki? Ni kuwa ban taɓa jin ya faɗi abin da bai gani ba. Don Allah Baba a warware mana. Kuma wane irin jirgi ne, ya kai Titanic girma?

Jikarka, daga Sabon Zango, Accra

Amsa

Wa alaikumus salam, jikata. Allah ya jiƙan Alhaji, ya haskaka makwancinsa. Ki je ki shaida wa baffanninki, cikin ladabi, cewa mahaifinsu bai ruɗe ba. A shekarar 1977 jirgin nan yana Jidda, a ɗaure, ba ya zuwa ko'ina.

Ga yadda aka yi. A watan Oktoba na 1974 Aureol ya gama tafiyarsa ta ƙarshe daga Afirka ta Yamma, ya sauke fasinja a Southampton ta Ingila, kamfanin da ya mallake shi, Elder Dempster, ya sa shi a kasuwa. Wanda ya saye shi wani attajiri ne mutumin Girka, Yiannis Latsis. Lokacin kuɗin mai ya fara kwarara Saudiyya, kamfanonin wannan mutum suna da manyan kwangiloli a can, ga injiniyoyi da ma'aikata jingim, babu isassun gidajen da za a sauke su. Sai ya riƙa sayen tsofaffin jiragen fasinja yana ɗaure su a bakin ruwa, su zama masauki da ofis. Aka kankare sunan Aureol aka rubuta Marianna VI, sunan ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata. Daga 1975 har 1979 yana Jidda. Aka kai shi Girka gyara, a 1980 aka dawo da shi Rabig, wanda alhazai suka sani saboda yana dab da miƙatin Juhufa. A 1989 aka mayar da shi Girka, ya yi shekara goma sha biyu a ɗaure a Eleusis, sannan a 2001 aka kai shi Alang ta ƙasar Indiya aka yayyanka shi aka sayar da ƙarfen. Shekara hamsin cif ya yi a kan ruwa.

Za su ce ai an sauya suna, ta yaya ya gane shi? Wanda ya sha kwana a jirgi ba da rubutu yake gane shi ba, kamar dai makiyayi ne da saniyarsa ko ta shiga garken wani. Aureol kuwa ba shi da wuyar shaidawa. Ni ma na san shi, don ina saurayi na yi aikin akawun ƙidayar kaya a tashar Tema, ina tsaye da takarda da fensir a gindin ƙugiya ina ƙirga buhunan da ke sauka. Jiragen kaya duk baƙaƙe ne ko toka-toka, tsatsa na zubo musu ta kafar anga. Shi kuwa fari fat, bututun hayaƙi guda ɗaya mai ruwan ɗorawa, gabansa ya yi tsini ya ɗan kwanta. Ranar da zai shigo, tun da hantsi za ki ga mutane sun cika wajen cikin tufafin salla. Iyaye sun zo taryen ɗansu da ya gama karatun lauya ko likita, 'yan dako sun jeru da gammo, direbobin tasi suna ta goge mota. In ya busa jiniya, har mu da muke kan aiki sai mun ɗaga kai. Mutumin da ya ga wannan sura a Tema da tashar Apapa ta Ikko shekara da shekaru, ya je ya tarar da ita a Jidda, ai dole gabansa ya faɗi.

Batun girma kuwa, a'a, bai kama ƙafar Titanic ba. Awon Titanic ya haura tan 46,000, tsawonsa mita 269. Aureol tan 14,083 ne, tsawonsa kusan mita 164. Gudunsa ma matsakaici ne, kamar kilomita 30 a awa, da injunan dizal guda biyu. Ba don tseren ƙetare teku aka gina shi ba. An gina shi ne daidai tashoshinmu da daidai yawan masu tafiya, fasinja ɗari uku da 'yan kai a ɗakuna, mafi yawansu a aji na ɗaya. Kamfanin Alexander Stephen and Sons ne ya ƙera shi a Glasgow, aka tura shi ruwa a watan Maris na 1951, ya yi tafiyar fari daga Liverpool a watan Nuwamba na wannan shekara. Sunan kuma na wani tsauni ne a Freetown ta Saliyo, wanda kwalejin Fourah Bay take a kansa.

Ba shi kaɗai ba ne, su uku ne, shi ne autansu kuma babbansu. Akwai Accra na 1947 da Apapa na 1948. An gina su ne don cike gurbin waɗanda yaƙin Hitila ya ci. Tsohon Accra jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ne ya nutsar da shi a watan Yuli na 1940. Tsohon Apapa jirgin sama ya yi masa ruwan bom a watan Nuwamba na wannan shekara. Mafi muni shi ne Abosso, wanda aka harbe a watan Oktoba na 1942, mutum sama da 360 suka halaka, 'yan kaɗan suka tsira. Sababbin ukun nan su suka riƙa karɓa-karɓa, duk mako biyu ɗaya ya taso daga Liverpool, ya tsaya Las Palmas, ya tsaya Freetown, ya zo Takoradi, ya ƙarasa Apapa ta Ikko, tafiyar kusan mako biyu. Da aka buɗe tashar Tema a 1962 sai zangon Gana ya dawo kusa da mu. Wasiƙu ma su ke kawowa, shi ya sa duk ofisoshin gwamnati da kantunan Turawa suka san ranar isowarsu. Kwame Nkrumah kansa, da zai tafi karatu a 1935, tsohon Apapa ya shiga daga Takoradi. Da zai dawo a 1947, shi da Kojo Botsio, sabon Accra suka hau a Liverpool.

To amma, jikata, abin da ya fi damuna shi ne in an tashi ba da tarihin jiragen nan, labarin ɗakin cin abinci da wurin wanka da gwamnoni ake bayarwa. Mu namu tarihin ba a can sama yake ba. Jiragen kamfanin suna ɗaukar wani rukunin fasinja tsakanin tashoshin bakin teku, waɗanda ba su da ɗaki ba su da gado. A filin jirgi suke zama, kusa da murfin ramin kaya, a ƙarƙashin rumfar tamfol. Kowa da tabarmarsa, da butarsa, da guzurinsa na gari da soyayyen kifi da yaji. Nan ne za ki ji Hausa da Yarbanci da Fanti da yaren Kru suna tashi. Nan fataken goro suke, kowa ya jingina da huhunsa.

Wannan hanya ta girmi Aureol nesa ba kusa ba. Kakannin kakanninmu da ƙafa suke zuwa Gwanja. Madugu ya haɗa ayari daga Kano ko Sakkwato, a ƙetare Kwara, a ratsa Borgu, a biya fito a biya kuɗin hanya, ga 'yan fashi, wata da watanni kafin a ga Salaga. Komowa da goro kuwa wani jan aiki ne, don goro ba ya son zafi ba ya son bushewa. Kullum cikin kwance huhu ake, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sauya ganyen fita, a sake ɗaurewa. Yaƙin Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, mutanenmu suka gangaro kudu, zangunan Kumasi da Accra da Sekondi suka cika. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903. Can kuma na Ikko ya isa Kano a 1911. Da aka haɗa waɗannan biyu da jirgin ruwa a tsakiya, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, goron ya isa kasuwar Kurmi da ɗanyensa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan masu arzikin Afirka ta Yamma, yana cikin waɗanda suka fara ganin amfanin wannan hanya. Ya zauna a ƙasar nan, ya riƙa loda goro daga Accra da Sekondi zuwa Ikko ta ruwa tun farkon ƙarnin da ya wuce. Kakanki sahun su ya bi. A zamaninsa kasuwar ta riga ta ragu, don Yarbawa sun shuka irin goron namu a ƙasarsu, ga kuma manyan motoci sun samu hanya, amma ba ta mutu ba.

Kafin a yi tashoshi, shiga jirgin ma kasada ce. Takoradi sai 1928 aka buɗe ta, zamanin da aka gama aikin da Gwamna Guggisberg ya faro. Accra kuwa ba ta taɓa samun tasha mai zurfi ba. Jirgi can nesa yake jefa anga, sai manyan kwale-kwale su taso daga bakin ruwan Jamestown, ƙarƙashin hasumiyar fitilar nan da kika sani, ƙarti suna tuƙi suna waƙa suna sara igiyar ruwa. In an kai gindin jirgi, masu hali a zaunar da su a wata kujerar katako, ƙugiya ta ɗaga su sama. Sauran su kama tsanin igiya. Mahaifina ya ba ni labarin wani maƙwabcinsu da igiyar ruwa ta kifar da kwale-kwalen da ke ɗauke da huhunansa, yana tsaye a gaɓa yana kallo, jarinsa gaba ɗaya. Ko an tsamo, goron da ya sha ruwan gishiri ya tashi daga aiki. Mutumin ya yi salati, ya koma dillanci a Tudu, sai bayan shekaru ya sake haɗa jari.

Wani dattijo da nake yawan taimaka wa da takardun kwastan a Tema ya koya mini abin da ban manta ba. Na tambaye shi yadda suke gane alƙibla a tsakiyar ruwa da dare. Ya ce in za ka Ikko, ka fuskanci goshin jirgi ka ɗan karkata hagu, ka tayar da sallarka. In kana dawowa, ka juya ka fuskanci bayansa. Daga baya da na duba taswira na ga haka ɗin ne, domin daga nan Ikko da Makka kusan gefe guda suke, gabas maso arewa. Tafiyar ba ta da tsawo, nisan kamar kilomita 400 ne, dare ɗaya. A yi Magariba da Isha a ruwan Gana, a yi Asuba ana hango fitilun Ikko. Ya ce wahalar ba ta wuce biyu ba: amai ga wanda bai saba ba, da ruwan sama in ya zo da iska ya ɗaga tamfol. In haka ta faru, bafatake jikinsa yake bari ya jiƙe, ya cire bargonsa ya rufe kayansa.

Ina son jirgin nan, ba na ɓoyewa, amma ba zan yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Kamfanin Elder Dempster tun 1868 yake, kuma a ƙarƙashin Alfred Jones ya mamaye sufurin bakin tekun nan, har ya kafa Bankin Birtaniya na Afirka ta Yamma a 1894. Jirgi nasu, banki nasu, kuɗin dako su da abokan ƙawancensu ke yankewa, manomin koko da bafatake ba su da ta cewa. A cikin jirgin ma akwai sama akwai ƙasa. Hafsoshi Turawa ne, masu wanki da masu goge-goge da masu aikin ɗakin inji mutanenmu ne na Najeriya da Saliyo da Laberiya, albashi ba ɗaya ba, abinci ba ɗaya ba. A 1959 ma'aikata 'yan Najeriya suka fice daga jirgin Apapa a Liverpool, suka ce ba su komawa saboda wariyar da ake nuna musu, har sai da gwamnatin Najeriya ta kafa kwamitin bincike. Wannan mamaya ce ta sa Nkrumah, shekarar da aka samu 'yanci, 1957, ya kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, Black Star Line, don kayan Gana su tafi a jirgin Gana.

Ƙarshensu jirgin sama ne ya kawo shi. Ghana Airways ta fara aiki a 1958, kafin a jima jirage masu gudun gaske suka mai da tafiyar mako biyu ta 'yan awoyi. Turawan mulki, waɗanda su ne masu cika aji na ɗaya, sun tattara sun koma gida. Aka sayar da Accra ga masu yanka ƙarfe a 1967, aka sayar da Apapa ga wani kamfanin Hong Kong a 1968. Aureol ya rage shi kaɗai, aka rushe bambancin aji aka mai da ɗakunan duk ɗaya. A 1972 ya bar Liverpool ya koma tashi daga Southampton. Tsadar mai ta 1973 ita ta ƙarasa shi.

Game da adakar, kada kowa ya yi ƙoƙarin ɓamɓare takardar ko ya shafa mata ruwa ko mai, kada kuma a yi wa adakar sabon fenti. Ki ɗauki hotonta da rana, ki ɗaga ta daga ƙasa saboda danshin damina. Abin da ya fi wannan gaggawa, ki zauna da kakarki tun tana da ƙarfi, ki kunna wayarki ki naɗi muryarta. Ki tambaye ta wane ne maigidansa a Ikko, a wace unguwa yake sauka, huhu nawa yakan ɗauka, me yake sayowa in zai dawo, su wa suke tafiya tare. Ki gaishe min da ita da kyau.

Tambaya

Salam Baba. Mahaifina ya tafi Ingila karatun aikin jinya a 1956, ta ruwa. Ya rasu ina ƙarami, babu wanda ya riƙe sunan jirgin. Akwai inda zan duba?

Ɗanka, daga Aboabo, Kumasi

Amsa

Akwai, ɗana, kuma ka yi sa'ar shekara. Allah ya gafarta wa mahaifinka. A wancan zamani duk jirgin da ya shiga Ingila da fasinja daga wajen Turai sai ya miƙa wa hukuma jerin sunayensu. Waɗannan takardu, daga 1878 zuwa 1960, suna ajiye a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew a Landan, an kuma ɗauki hotonsu an sa a intanet, a shafin Ancestry, sai dai ana biyan kuɗi kafin a buɗe. A ciki za ka ga suna, da shekaru, da sana'a, da tashar da mutum ya hau, da adireshin inda zai sauka a Ingila, da sunan jirgi da ranar isowa.

Ka nemi waɗanda suka sauka Liverpool a 1956, tashar hawa Takoradi, domin lokacin ba a buɗe Tema ba. Mutumin Kumasi jirgin ƙasa yake bi ya gangara can. Sunan ƙasa kuma Gold Coast za ka gani, ba Gana ba, tunda 'yanci sai 6 ga Maris 1957. Mafi yawan ɗalibai ɗaya daga cikin ukun nan da na ambata a sama suke shiga: Accra, Apapa ko Aureol.

Inda za ka sha wuya shi ne rubutun suna. Akawun jirgi abin da ke cikin fasfo yake kwafa, fasfo kuma abin da malamin makarantar mishan ya rubuta ranar da aka sa yaro a aji ɗaya. Muhammadu zai iya fitowa Mahama ko Mohammed ko Mamah, Sa'idu ya zama Seidu, Isa ya zama Issah, Abubakar ya zama Bukari. Wani ma sunan garinsu ko na mariƙinsa aka sa masa a matsayin sunan mahaifi. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka tambayi tsofaffin gidanku da wane suna aka san shi a makaranta, in akwai tsohuwar takardar shaidar aikinsa ka duba yadda aka rubuta a can. In sunan ya ƙi fitowa, ka bar suna ka bi jerin jiragen ɗaya bayan ɗaya, ka fara da na watan Agusta da Satumba, lokacin da ɗalibai suka fi tafiya, kana duba shekarun haihuwa da layin sana'a. Takardun kamfanin kansa, da hotunan jiragen, suna gidan tarihin harkokin teku na Liverpool.